Yadda Kuɗin Yaƙi Ke Sulalewa: Fashin Baƙi Kan Rashawa a Ayyukan Soji na Ƙetare

A watan Yunin 2010, wani ƙaramin kwamiti na majalisar wakilan Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi kan wata kwangilar dakon kaya a Afghanistan. Kwangilar ta dala biliyan 2.16 ce, kamfanoni takwas ne suka raba ta, kuma ta hanyarta ake kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abinci da ruwa da mai da sauran kayan da sojojin Amurka ke amfani da su a sansanoni sama da 200. Sharaɗi guda a cikin takardar shi ya zama silar komai: kowane kamfani shi zai nemo masu tsaron motocinsa, soja ba zai raka kowa ba.

Ga yadda abin ke gudana a kan hanya. Ayarin manyan motoci zai tashi daga Kabul ya nufi Kandahar. Kamfanin da ya ci kwangilar ba shi da ko bindiga ɗaya, sai ya ɗauko kamfanin tsaro na cikin gida. Kamfanin tsaron kuwa suna ne kawai a takarda, ainihin mai abin wani madugu ne mai ɗaruruwan 'yan bindiga da ya kankane wannan yanki na hanyar. Rahoton ya ambaci wani kwamanda da ke karɓar kimanin dala 1,500 kan kowace mota, kuma dubban motoci ne ke bi ta hannunsa a wata. Wanda ya biya ya isa lafiya. Wanda ya ce ba zai biya ba, ba a daɗewa sai a ji an buɗe wa ayarinsa wuta, kuma babu mai iya rantsuwa ko 'yan Taliban ne suka yi ko masu gadin da aka ƙi ɗauka. Inda hanya ta ratsa yankin da Taliban ke da ƙarfi, su kansu 'yan kwangilar sun yi imanin cewa wani kaso na kuɗin yana shiga hannun mayaƙan domin su kau da kai. Tun a watan Disambar 2009 sakatariyar harkokin wajen Amurka, Hillary Clinton, ta shaida wa majalisa cewa irin wannan kuɗin kariya na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin Taliban. A 2011 kuma wani binciken rundunar ya ƙiyasta cewa dala miliyan 360 na kuɗin kwangiloli sun ƙare a hannun 'yan tawaye da miyagu da masu faɗa-a-ji. Wato runduna ta tsallaka teku don yaƙar wasu mutane, ga shi kuma da kuɗin dakon abincinta ake saya musu harsashi.

Idan ana maganar cin hanci a fagen daga, muryar da aka fi ji ita ce ta jami'an ƙasar da ta tura sojoji, kuma kusan baki ɗaya suke magana: a lalace muka tarar da ƙasar, halin mutanen wurin ke nan. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin ba a cika tura dakaru inda hukuma ke da ƙarfi kuma kotuna ke aiki ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rundunar da ta sauka a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, daga ranar da ta sauka babu wanda ya kai ta sayayya, babu wanda ya kai ta ɗaukar ma'aikata. Ita ke zaɓar wanda za a karɓi hayar filinsa a kafa sansani, da wanda zai kawo tsakuwa, da wanda zai yi tafinta, da wanda zai tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ta zaɓa, cikin 'yan watanni ya fi ƙarfin maƙwabtansa, bayan 'yan shekaru ya fi ƙarfin gwamna. A ganina nan haɗarin ya fi girma, domin jami'in da ke sa hannu a takardar sayen tsakuwa bai san sarauta yake naɗawa ba.

Abu na farko da ke buɗe ƙofa shi ne yawan kuɗin kansa. A wajajen 2011 Amurka na kashe sama da dala biliyan 100 a shekara kan yaƙin Afghanistan, alhali duk abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara bai kai dala biliyan 20 ba. Ba duka kuɗin ne ke shiga ƙasar ba, amma ko abin da ya shiga ya fi ƙarfin bankuna da ma'aikatu da akantocin da ake da su. Kuɗin da ba shi da mai ƙirga shi kuwa, ba ya rasa mai ɗauka.

Iraƙi ta riga ta nuna haka tun kafin nan. Tsakanin 2003 da tsakiyar 2004 an yi jigilar tsabar kuɗi kusan dala biliyan 12 a jiragen sama daga Amurka zuwa Bagadaza, bandir-bandir a naɗe cikin leda, nauyinsu ya kai tan 363. Akasarin kuɗin na Iraƙi ne, daga man fetur ɗinta da kadarorinta da aka riƙe, kuma gwamnatin riƙon ƙwarya da Paul Bremer ke jagoranta ce ke raba su. A watan Janairun 2005 babban mai bincike kan sake gina Iraƙi, Stuart Bowen, ya ce an miƙa wa ma'aikatun ƙasar dala biliyan 8.8 ba tare da wata hanyar tabbatar da inda suka shiga ba. A wata ma'aikata, sunayen masu gadi 8,206 ne a takardar albashi, waɗanda aka iya tabbatar da su 602 ne. Bremer ya kare kansa da cewa ana cikin yaƙi, ba a da bankuna masu aiki, kuma barin ma'aikata babu albashi ya fi haɗari. Hujjar ba ta banza ba ce. Matsalarta ita ce a kowane yaƙi ana iya kawo ta, kuma ɓarawo ya fi kowa sanin haka.

Sai gaggawa da yawan sauyin ma'aikata. Jami'in kwangila kan zo ya yi wata shida ko shekara guda ya koma gida, wanda ya gaje shi ya tarar da tarin takardu da ɗan kwangilar da ya shekara biyar a wurin, ya san kowa, ya san kowace kafa. Kuma da yake ana auna ƙwazon jami'i da yawan kuɗin da ya iya kashewa kafin wa'adinsa ya cika, wanda ya tsaya bin diddigi shi ake wa kallon mai jan ƙafa. Rundunar Amurka har littafin jagora ta yi wa kwamandojinta, littafin da ke ɗaukar kuɗi a matsayin makami, a gina rijiya ko makaranta a saye zukatan mutane. Ƙara da haka, kwangila ɗaya takan bi hannu huɗu ko biyar. Babban kamfani ya ci, ya cire rabonsa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, har ta isa ga wanda zai aza tubali da ragowar da ba za ta isa aikin kirki ba. Mai bincike kuma ba zai iya zuwa ya ga ginin ba saboda hanya ba ta biyuwa, sai dai a turo masa hoto. A 2011 wata hukumar da majalisar dokokin Amurka ta kafa kan kwangilolin lokacin yaƙi ta ƙiyasta cewa tsakanin dala biliyan 31 zuwa 60 sun salwanta a Iraƙi da Afghanistan ta hanyar almubazzaranci da zamba.

Kada a ɗauka masu kaki na ƙasar da ta tura dakaru 'yan kallo ne kawai. Manjo John Cockerham na sojin Amurka jami'in kwangila ne a sansanin Arifjan da ke Kuwait a tsakanin 2004 da 2005. Ya karɓi cin hancin da ya haura dala miliyan 9 daga kamfanonin da ke neman kwangilar kayayyaki irin su ruwan gora, matarsa da 'yar'uwarsa na taya shi karɓa da ɓoyewa. A 2009 aka yanke masa ɗaurin shekara 17 da rabi. Na Leonard Francis ya fi wannan tsari. Ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Malesiya, kamfaninsa da ke Singafo shi ke kai wa jiragen ruwan yaƙin Amurka mai da abinci da ruwa, ya kwashe musu shara idan sun tsaya a tashoshin Asiya. Ya shafe shekaru yana sayen hafsoshi da kuɗi da manyan otel-otel da mata, su kuma suna ba shi jadawalin tafiyar jirage, wanda sirri ne, suna karkata jiragen zuwa tashoshin da zai iya tsawwala farashi. Har jami'in hukumar binciken laifuka ta rundunar ruwan ya saya, yana tsegunta masa halin da binciken da ake yi a kansa ke ciki. An kama shi a 2013, ya amsa cewa ya cuci rundunar aƙalla dala miliyan 35, ya tsere daga ɗaurin talala a 2022, aka dawo da shi daga Venezuela, a watan Nuwamban 2024 aka yanke masa shekara 15. Abin lura a nan, babu wani yaƙi da ake gwabzawa a waɗannan tashoshi. Nisa da gida da rashin ido sun wadatar.

Duk da haka, satar hafsa ɗaya ko kamfani ɗaya ba ta cika kayar da runduna ba. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne abokan da aka zaɓa aka jingina da su. A 2001 hukumar leƙen asiri ta CIA ta shiga Afghanistan da jakunkunan kuɗi, ta raba wa madugan yaƙin da za su taya ta kifar da Taliban. Sun yi aikin, amma da yawansu su ne mutanen da zaluncinsu a shekarun 1990 ya sa jama'a suka yi maraba da Taliban tun farko. Bayan nasara sai suka rikiɗe suka zama gwamnoni da ministoci da shugabannin 'yan sanda da masu kamfanonin tsaro. Daga nan duk wanda ya ce zai taɓa su, sai a ce masa ya yi haƙuri, ana buƙatarsu a yaƙi da ta'addanci.

Labarin Mohammed Zia Salehi ya isa misali. Jami'i ne a majalisar tsaron ƙasa ta shugaba Hamid Karzai. A watan Yulin 2010 wata rundunar 'yan sandan Afghanistan ta musamman, wadda Amurka da Birtaniya suka horar domin farautar manyan masu laifi, ta kama shi bisa zargin neman cin hanci. Cikin sa'o'i Karzai ya sa baki aka sake shi, bai kuma ɓoye cewa shi ya sa ba. Bayan 'yan makonni jaridar New York Times ta ruwaito cewa Salehi na cikin masu karɓar kuɗi daga CIA. Hannu ɗaya na gwamnatin Amurka ya kama mutum, ɗaya hannun na biyansa albashi. A 2013 Karzai da bakinsa ya tabbatar cewa ofishinsa ya daɗe yana karɓar tsabar kuɗi daga hukumar. Bayan wannan, wane alƙali ko ɗan sanda a Kabul zai yarda cewa da gaske ake yi?

Talaka kuwa ba ya karanta rahoton kwamiti, abin da ya sani shi ne ɗan sandan da ke tare shi a shingen bincike da alƙalin da ke sayar da hukunci. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa mutanen Afghanistan sun biya cin hancin dala biliyan 2.5 a 2009, a 2012 ya kai biliyan 3.9. Mutumin da aka ƙwace wa gona, ya ga wanda ya ƙwace ta yana shiga sansanin sojojin ƙetare ana yi masa maraba, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kafin ya kai ƙararsa kotun 'yan tawaye. Ryan Crocker, wanda ya yi jakadan Amurka a Kabul, ya shaida wa masu bincike daga baya cewa abin da ya karya ƙoƙarinsu a ƙarshe shi ne nauyin rashawar da ta game ko'ina, fiye da tawayen kansa.

Ranar gumurzu ake biyan bashin, kuma sojojin bogi ne hanya mafi sauƙin ganewa. Kwamanda na da mutum 500 a takarda, 300 ne a bariki. Wasu sun mutu ba a goge sunansu ba, wasu sun gudu, wasu sun yi yarjejeniya da shi su zauna a gida su riƙa ba shi rabin albashi, wasu kuma ba a taɓa haifarsu ba. Albashinsu da abincinsu da mansu da albarusansu duk suna zuwa, shi ke karɓa. Waɗanda suka rage su ke yin gadin mutum biyu da rabin abinci, kuma sun san dalili. Babban hafsan da ke tsara yaƙi a hedikwata yana duban taswira yana ganin bataliya inda babu ita. A watan Yunin 2014 birnin Mosul na Iraƙi ya faɗa hannun ƙungiyar IS cikin 'yan kwanaki, duk da cewa maharan ba su kai ko kusa da yawan dakarun da aka ce suna tsaron birnin ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar firaministan Iraƙi Haider al-Abadi ya sanar cewa an gano sojojin bogi 50,000, kuma binciken farko ne kawai. A Afghanistan Amurka ta kashe sama da dala biliyan 80 kan sojoji da 'yan sanda, a watan Yulin 2021 shugaba Joe Biden na cewa yawansu ya kai 300,000. Ranar 15 ga Agusta Kabul ta faɗi. Daga baya tsohon ministan kuɗin ƙasar, Khalid Payenda, ya shaida wa BBC cewa akasarin wannan adadi babu su. Akwai wasu dalilan rushewar, kamar yarjejeniyar Doha da Amurka ta ƙulla da Taliban, da janye tallafin jiragen sama da masu gyaransu, amma sojan da ya yi watanni babu albashi ba shi da dalilin mutuwa a kan shinge.

Dakarun wanzar da zaman lafiya da sojojin maƙwabta nasu salon daban ne, domin kuɗin da ke hannunsu bai kai haka ba. Abin da suke da shi shi ne iko da tashar ruwa, da filin jirgi, da hanya, da motocin da ba a bincika. A watan Fabrairun 2012 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta fitar da gawayi daga Somaliya saboda al-Shabab na samun maƙudan kuɗi daga harajinsa. A cikin shekarar dakarun Kenya da ƙawayensu suka karɓe tashar Kismayo, amma masu sa ido na Majalisar suka ba da rahoton cewa gawayi bai daina fita ba, suka kuma zargi dakarun da hannu a ciki. Kenya ta musanta. A 2016 kotun sojin Uganda da ta zauna a Mogadishu ta ɗaure sojojinta tara kan sayar da man rundunar Tarayyar Afirka. A Nuwamban 2021 'yan sandan Fotugal suka kai samame kan wani gungu da ake zargin ya yi amfani da jiragen soji wajen fasa ƙwaurin lu'ulu'u da zinare daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda sojojin ƙasar ke aiki ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani lokacin abin kan wuce 'yan tsiraru ya koma kan ƙasa sukutum: a 2005 kotun duniya da ke Hague ta samu Uganda da alhakin wawushe albarkatun Kwango da sojojinta suka yi, a 2022 ta umarce ta da biyan diyyar dala miliyan 325 kan wannan da sauran ɓarnar yaƙin.

Akwai wani giɓi na shari'a da ke ƙara wa masu yi ƙarfin gwiwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da hurumin gurfanar da sojan da wata ƙasa ta ba ta aro. Iyakarta ta mayar da shi gida, ƙasarsa ce kaɗai za ta iya hukunta shi, kuma ba kowace gwamnati ke son tona asirin rundunarta ba. Kotunan ƙasar da ake aikin a cikinta ma galibi yarjejeniya ta ɗaure musu hannu. Shaidu na wata nahiya, wanda ake zargi na wata.

Magungunan ba ɓoyayyu ba ne. A daina yawo da tsabar kuɗi, a san kowane ƙaramin ɗan kwangila har zuwa na ƙarshe, a tsawaita zaman jami'an kwangila, a ɗauki hoton yatsun kowane soja kafin a biya shi, a tafi da masu bincike masu zaman kansu tun ranar farko. Wasu an gwada sun yi aiki. A 2009 aka fara gwajin biyan wasu 'yan sandan Afghanistan albashi ta wayar salula, sai wasunsu suka ɗauka ƙarin albashi aka yi musu, alhali karo na farko ke nan da suka ga cikakken haƙƙinsu ba tare da manyansu sun yanka ba. Sai dai kusan komai a makare ya zo. Ofishin babban mai bincike kan sake gina Afghanistan sai a 2008 aka kafa shi, shekara bakwai da fara yaƙin, rundunar ƙawance kuma sai a 2010 ta kafa sashen yaƙi da rashawa. Kafin nan waɗanda za a bincika sun riga sun zama gwamnati. Ƙungiyar NATO ta amince da manufarta kan gaskiya da riƙon amana a taron Warsaw na 2016, amma da ƙungiyar Transparency International mai yaƙi da rashawa ta auna ma'aikatun tsaron ƙasashe 86 a ma'auninta na 2020, fannin ayyukan soji a fagen daga ne ya fi kowanne rauni, har a ƙasashen da ke alfahari da tsabtar gwamnatinsu.

Mafi wuyar sha'ani shi ne barazanar yanke tallafi. Abokin da ake ba kuɗi ya san cewa mai bayarwa ya fi shi tsoron faɗuwar gwamnatinsa, don haka yakan saurari gargaɗi ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da yake yi. Ko inda aka daure aka yanke, ba a cika daɗewa ba. A Disambar 2017 Amurka ta dakatar da tallafin abinci da mai ga yawancin sassan sojin Somaliya saboda an kasa nuna inda kayan ke zuwa, ta bar wa 'yan rukunan da take sa wa ido kai tsaye, ciki har da zaratan Danab da ita ta horar da su. A 2019 ta fara mayar da wani ɓangare na tallafin. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Somaliya ta amsa cewa an karkatar da kayan abincin da aka ware wa Danab ɗin, ta kuma ce ta tsare wasu jami'an rundunar.